Ƙarfen da Abdulƙadir Maƙeri Ya Rantse Ba Zai Ƙera Ba

Abdulƙadir Maƙeri na ƙauyen Marke Biyu bai taɓa riƙe sitiyari ba har ya koma ga Mahaliccinsa, amma kaf ƙasar da ke tsakanin Dawakin Tofa da Ɗambatta ba wanda ya kai shi yanke wa mota hukunci. Direbobi da ranta suka san mota, shi kuwa gawarta ya sani. In mota ta gama yayinta aka kwance mata sifirin, wato falle-fallen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi, wurinsa ake kawowa. Ya cusa a wuta, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya sa masaba, nan take ya gaya maka ko motar ta kirki ce ko ta banza.

Yana ɗan shekara bakwai Nasara suka shiga Kano. Ya buɗe ido ya tarar ubansa na ƙira da tama, ƙarfen da ake narkarwa daga dutse, a yi kwana da kwanaki ana shan hayaƙi kafin a sami na garma biyar. Yana saurayi jirgin ƙasa ya iso birni, gyaɗa ta yi daraja, daga baya motoci suka fara ratso gonaki suna kwasarta. Ƙasar tamu kuwa kun san ta: gona na jingine da gona, ba daji ba saura, jakai su kai itace birni su dawo da taki, kowace shekara a noma wuri ɗaya. Irin wannan noma ba ƙaramin cin ƙarfe yake yi ba. Da uban ya rasu Abdulƙadir ya gaji maƙerar, ƙaninsa Bala na yi masa zuga, Abdulƙadir ɗin kuwa shi ne na farko a yankin da ya daina jiran masu tama ya koma wa ƙarfen mota. Tsofaffi suka yi ta gunaguni, suka kuma ci gaba da kawo masa aiki.

Ra'ayinsa a kan motoci ba ɓoyayye ba ne, ko ba ka tambaya ba za ka ji. Motar Hodi, in ji shi, ƙarfenta na wuƙa ne da lauje, yana ɗaukar kaifi ya riƙe. Doji ta gatari ce, ko ƙirya ka sara bakin ba ya lanƙwasa. Amma uwarsu duka ita ce Bilhodi, garmar da aka yi da ita sai mutum ya gaji ya bar wa ɗansa. Direbobi su taru su yi ta musu da shi, wannan ya ce gudu, wancan ya ce hawan tudu, ya ce su je can su yi da fasinja, shi da ƙarfe yake magana. Akwai kuma wata baiwa da yake ji da ita fiye da ƙirar ma. Daga rurin inji, tun mota na bayan kukoki ba a hango ta ba, zai faɗi ko wace iri ce. Ranar Lahadi a kasuwar Ɗambatta, in ya baza fartanyoyi a rumfarsa ta bakin hanya, mutane har taruwa suke don su ga wannan. Shekara shida bai yi kuskure ba, kuma shi da bakinsa yake tuna wa mutane hakan.

Wanda ya karya masa lago shi ne Dogo Direba. Dogo Buzu ne, Buzu da maƙeri kuwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya ba a kai shi gaban alƙali. Dogo ya sayo wata tsohuwar mota ƙirar wata ƙasa can, sunanta ba ya faɗuwa a bakin Bahaushe. Fuskarta a daɓe, fitilunta sun yo waje, mutane suka sa mata Kwaɗo. Lahadin da ta fara shigowa kasuwa, Abdulƙadir ya karkata kunne, ya ɗaga ɗan yatsa aka yi tsit, ya ce Bilhodi ce, kuma da nauyin da ya ji gishiri ta ɗauko. Sai ga Kwaɗo ta ɓullo daga bayan kuka cike da awaki suna ta kuka.

Dariyar da aka yi ran nan har mahauta sai da suka bar nama suka leƙo. Aka gaya wa Dogo abin da ya faru, ya diro, ya zo ya durƙusa gaban rumfa ya dunƙule hannu yana jinjina, wai gaisuwa yake kawo wa sarkin masu kunne. Abdulƙadir ya ji duniya ta yi masa zafi. Ya miƙe tsaye, ya nuna motar da awartaki.

"Wallahi tallahi ƙarfen wannan abar ba zai taɓa hawa uwar maƙerar ubana ba. Ko allura ba zan yi da shi ba."

Wa ya aike shi? Ba wanda ya kawo masa tallan ƙarfen, motar ma da ranta tana tsaye tana huci. Amma magana zarar bunu ce, ta fita a gaban kasuwa guda, kuma da sunan Allah a kanta.

Shekara biyar aka yi, Kwaɗo na kai da komo, Abdulƙadir na kawar da kai in ta wuce. Sai yaƙin Turawa ya yi tsanani, wanda aka yi ta ɗibar samari zuwa ƙasar Bama. Sababbin motoci suka daina zuwa, tsofaffin ana lallaɓa su da waya da addu'a, guntun ƙarfe kuwa duk inda yake sai a tattara a ɗora wa jirgi. Ga shi damunar da ta wuce ba ta yi kyau ba.

Al'adar Marke Biyu ita ce, in an gama kaka kowane gida ya kawo wa maƙeri ƙotar da bakinta ya cinye, ta sungumin shuka ko ta fartanya, a jingine a bangon maƙera a tafi. Ba a tambaya, ba a tuni. Kafin ruwan shuka ya sauka mutum zai zo ya tarar an sa mata sabon ƙarfe. Ta maƙerin kansa ita ce ta ƙarshe, sai an sallami kowa. Tun zamanin kakan Abdulƙadir ba a taɓa yin shekarar da ruwa ya riga maƙerar gidansu ba. To a wannan shekara bazara ta raba, ga ƙota arba'in da uku a jingine ban da tasa, ƙarfen da ke hannunsa kuwa ko na lauje biyu bai kai ba. Tsofaffin bakunan ya gwada haɗa su, ƙasa ta siɗe su sun zama kamar ganye.

Inda ya saba samowa shi ne yadin wani kamfanin jigilar gyaɗa da ke bayan kasuwar Ɗambatta. Da can tsohon helman wurin, wato shugaban leburori, yakan nuna masa tsibi da haɓa ya ce ya zaɓa. To helma ya tsufa an sallame shi, an kawo mai kula da sito daga birni, Malam Muhammadu Sani. Mutumin wajen Kunci ne, amma ya yi makarantar Midil, ga gajeren wando, ga safa har gwiwa, ga fensir a bayan kunne. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Yana gaida manya, yana shimfiɗa wa baƙo tabarma. Ciwonsa ɗaya ne, maganar ofis ta kama masa harshe.

Lahadi ta farko ya saurari Abdulƙadir tsaf, sannan ya gyara masa zance. Ya ce yanzu ba a cewa tsohon ƙarfe, sikiraf ake cewa. Sikiraf kuma ba ya zama sikiraf sai an yi masa kondam, kondam kuwa ba ya yiwuwa sai da oda daga Kano. Abdulƙadir ya dubi tsibin sifirin ɗin Bilhodi da ke kwance a rana tsatsa na ci, ya ce shi dai abin da idonsa ya gani matacce ne. Malam Sani ya ce a ido matacce ne, amma a takarda da ransa. Lahadi ta biyu aka ce maganar ta shiga fayil. Abdulƙadir ya tambaya da gatse ko shi fayil ɗin nan yana da ƙofar fita. Lahadi ta uku aka ce tana fendin.

Kai, fendin! Duk cikin kalmomin yadin nan ba wadda ta ƙona masa rai kamarta. Ya sa aka fassara masa, aka ce ma'anarta ba a ba ka ba, ba a kuma hana ka ba. Ya ce to wannan ai ba amsa ba ce, rataya ce. Mutum ya taso tun asuba da jaki, ya bar wuta ta mutu, a ba shi fendin ya ɗora wa jakin ya koma gida? Abin haushin ma har leburorin yadin sun ɗauka, ka tambayi mai gadi ruwan sha ya ce maka randa na fendin. Hausar da aka yi cinikin raƙuma da ita har Agadas, aka yi shari'a da ita, aka yi wa'azi da ita, wai yau ita ce ta kasa ɗaukar zancen tsohon ƙarfe. Haka ya yi ta faɗa shi kaɗai a hanyar gida, jakin na kaɗa kunne.

Ran Talata shamuwa ta sauka a kan kukar masallaci, kowa kuwa ya san ruwa na biye da ita. Da hantsi sai ga Inna Zulaihatu a ƙofar maƙera, tsohuwar da aka tafi da ɗanta ɗaya tilo Bama, ya zamana ita ke noma 'yar gonarsu da hannunta. Ba ta yi tuni ba, don ba a yi. Ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar matarsa Kaltume, ta ce ta ga shamuwa. Sannan ta matsa jikin bango ta kakkaɓe gara daga ƙotar sunguminta, ta mayar ta jingine, ta tafi. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ran nan Kaltume ta ajiye masa tuwo ta ɗauke shi yadda yake, kunya ta cika masa ciki.

Washegari bai jira Lahadi ba. Ya isa yadi rana na tsaka, abin da ya fara gani shi ne an share wurin tsibin nan fes. Malam Sani ya taso da fara'arsa ya fara bayanin an yi wani mitin, an sake duba fayil. Abdulƙadir ya ɗaga masa hannu.

"Malam Sani, mahaifinka manomi ne?"

"Manomi ne, Baba."

"To ka ɗauka shi ne a gabanka, shamuwa ta zo, ba shi da sungumi. Gaya mini da harshen da za ka gaya masa."

Malam Sani ya zare fensirin daga kunne ya jujjuya shi, ya dubi ƙasa.

"Babu, Baba. Shekaranjiya aka kwashe aka kai jirgi. Tun ranar farko na san ba za a bayar ba, nauyin faɗa maka na ji."

Mako uku a banza! Da an faɗa masa haka tun farko da ya nufi birni ya bi lungu-lungu, yanzu kuwa ina lokaci? Ya ji kamar ya rufe mutumin nan da duka, sai dai kuma wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, don ko ba komai yau an yi masa magana irin ta mutane. Malam Sani, da yake yana son ya wanke laifinsa, ya ce akwai wata guda a bayan shinge wadda ba ta kamfani ba ce, ba ta cikin takardar kowa. Ya ja shi suka zagaya.

Kwaɗo ce. An ɗora ta a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Injin ya tsufa ya tsaya tun bara, yaƙi ya hana a sami kayan gyara. Sifirin ɗin baya an cire an sa wa wata motar, amma na gaba biyu suna nan lafiya lau, masu kauri. Abdulƙadir bai so ya duba ba, idon maƙeri ne ya duba da kansa, ya kuma ga cewa in an yi tsimi za su kai. Ya daɗe a tsaye. Girman kai rawanin tsiya, ya san wannan tun yana yaro, bai dai taɓa zaton a kansa za a naɗa ba.

Suka sami Dogo a tasha yana sayar da goro, tun da mota ta kwanta. Da ya ji abin da ke tafe da su ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau Buzu ya ga abin da kakanninsa ba su gani ba. Ya ce ko anini ba zai karɓa ba, kyauta ce daga ubangida zuwa bara. Da dariyar ta lafa ya dubi fuskar Abdulƙadir, sai ya rage murya.

"Maƙeri, bar wasa. Ka zo gobe da asuba ka kwance abinka. Ni ba zan faɗa ba, Malam Sani ba zai faɗa ba. In ƙarfe ya sha wuta wa zai gane na wace mota ne?"

"Wanda na rantse da shi zai gane," in ji Abdulƙadir. "A gaban mutane na faɗa, a gabansu zan ɗauka."

Haka kuwa aka yi. Dogo ya kawo sifana suka kwance tare, aka ɗaure wa jaki, Abdulƙadir ya biyo ta tsakiyar gari da rana kata. Kafin ya kai bakin kasuwa labari ya riga shi. Wani tela ya leƙo ya tambaye shi ko allurar za a fara. Wani ya ce a'a, ai Bilhodi ce da lodin gishiri. Abdulƙadir bai sunkuyar da kai ba, bai kuma ƙara sauri ba. Duk wanda ya tanka masa sai ya ce, "Ni ne na faɗa, ni ne na janye," ya wuce.

Bai shiga gida ba sai da ya biya wurin liman, Malam Khalilu. Liman ya ce wanda ya karya rantsuwa kaffara ta hau shi: ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in ba hali ya yi azumi uku. Aka aika a tambayi Kaltume abin da ke rumbu, ta aiko da cewa in an cire iri, abin da ya rage ba zai kai su mako ba, kuma Malam ya sani. Liman ya ce to azumi ne, amma ba dole sai yanzu ba, ya bari ya gama aiki, ya bari ma gari ya yi sanyi. Abdulƙadir ya ce a'a. Ba zai bugi ƙarfen nan da nauyin rantsuwa a wuyansa ba, ranar da ya fara bugu ranar zai fara azumi. Liman ya yi, Kaltume ta yi har da cewa taurin kan nan ne ya kai shi inda yake. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Wanda bai taɓa zama gaban wutar maƙera a ƙarshen bazara ba ba zai gane ba. Sama wuta, ƙasa wuta, gaba wuta, ga baki a rufe. Alhamis da sassafe Bala ya kama zuga-zugi, falle na farko ya yi ja, Abdulƙadir ya ciro shi da awartaki ya yi bismilla ya ɗora bisa uwar maƙerar ubansa. Bugu uku ya yi ya san gaskiya, kuma ita ce ta fi azumin ciwo: ƙarfen mai kyau ne. Yana miƙewa inda aka ce ya miƙe, ba ya tsagewa, ba abin da Bilhodi za ta nuna masa. Bala ma ya ji a sautin, ya ɗago kai yana murmushi. Abdulƙadir ya ce masa zuga aka sa shi, ba kallo ba. Har ƙarshen rayuwarsa in an tambaye shi ƙarfen Kwaɗo, iyakar abin da ake samu a bakinsa shi ne ba laifi.

Ranar farko suka yi goma sha shida. Ran Juma'a, da aka cire lokacin masallaci, goma sha uku. Leɓensa ya tsattsage, muryarsa ta dushe, sai da hannu yake wa Bala nuni. Mutane suka fara zuwa ɗaya-ɗaya suna ɗaukar nasu, ba mai zancen rantsuwa, kowa ya yi sannu ya fita da sauri.

Ran Asabar bayan azahar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iska ta taso, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, saura ƙota biyar a bango. Bala ya jawo zana ya kare wuta, shi kuwa Abdulƙadir yana gefen da feshi ke shigowa. Ruwa na dukan fuskarsa, yana gangarowa ta gemu, mai sanyi, ga ƙanshin ƙasa ya cika wurin. Ya datse leɓe gam, ya juyar da kai gefe, ya ci gaba da bugu. Yana jin yara a waje suna ihun murna. Ya gama ta arba'in da uku ana kiran magariba. Kaltume ta miƙo masa ƙwaryar kunu. Da ya sha ya dawo hayyacinsa ya dubi ƙasa, abin da ya rage na ƙarfen bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

Lahadi da safe Marke Biyu ta watse cikin gonaki. Ko'ina ka duba maza ne a gaba suna sara da sungumi, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Bangon maƙera ya zama wayam, sai ƙota ɗaya tak, tasa. Ranar shuka ba wanda ke da sungumin da yake hutawa, laimar kuma ba ta jira. Abdulƙadir ya tsaya a bakin gonarsa yana kallon ta maƙwabta na cika layi bayan layi, tasa ko sara ɗaya babu.

Gonar da ta fi kowace ƙanƙanta ita ce ta Inna Zulaihatu, ita za ta riga kowa gamawa. Ya je ya zauna a gindin wata ɗorawa kusa da iyakarta, ya jira har azahar. Da ta rufe ramin ƙarshe ya tashi ya yi mata sannu da aiki, ya ce aro ya zo, in ta gama da sungumin.

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi sabon ƙarfen da ke hannunta.

"Maƙeri, kai da kanka?"

"Ni da kaina, Inna."

Ta goge ƙasar da ke bakin da gefen zanenta ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya saɓa a kafaɗa ya nufi gonarsa, Kaltume na biye da ƙwaryar iri.